Kafin ka sa wa babur ɗinka ƙatuwar taya a baya

A shirin da ya gabata mun taɓo maganar da ta yi yawa a rumfunan masu faci, daga Mindif har Marwa da Garwa: mutum ya cire tayar bayan da babur ya zo da ita, ya sa wadda ta fi ta faɗi, wai don ta fi ɗaukar kaya. To ga abin da muka tattauna, ga wanda shirin ya wuce shi.

Dalilinka mun san shi. Kai ne za ka ɗaura buhu biyu na masakwa, ko ƙuli-ƙulin auduga na Sodecoton don shanu, ko jarkoki, ka kama hanyar Mulfudai ko Bogo, ga yashi a cikin mayo, ga ƙaya. In ka dubi siririyar tayar sai ka ji tausayinta. Sai dai faɗin taya da ƙarfin ɗaukar kaya abu biyu ne daban, kuma a nan ne da yawa suke asarar kuɗinsu.

Durƙusa ka karanta jikin tayarka. In Boxer ne ƙarami, galibi za ka ga 3.00-17 a baya. Lambar farko faɗin taya ne, inci 3. Ta biyu girman rim ne, inci 17, kuma wannan ba ya canzuwa: tayar 18 ba ta zama a rim 17 ko da mai faci ya rantse maka. Shi ma rim ɗin yana da nasa rubutun, kamar 1.60 ko 1.85, wato faɗin bakinsa daga ciki. Rim 1.85 yana zama lafiya da 3.00, yana karɓar 3.25, in an matsa ya ɗauki 3.50. Wuce nan kuma an shiga ganganci.

Me ke faruwa in ka cusa babbar taya a ƙaramin rim? Bakin rim zai matse ta daga ƙasa, sai bayanta ya yi tsini kamar tozon sa. Ka saye ta don ta shimfiɗa a ƙasa, ga shi tsakiyarta kaɗai ke taɓawa. Nan za ta cinye da wuri, gefe kuwa sabo fil. In ka zo kwana da kaya, sai ka ji babur na neman faɗawa ciki farat ɗaya. Wanda ya goyo iyali ya san wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Irin waɗannan tayoyi, in sun ƙara faɗi sai su ƙara tsawo. Daga 3.00 zuwa 3.50, tayar ta ƙaru da kusan inci guda daga ƙasa zuwa sama. Ga ƙaramin inji, wannan tamkar ka tashi ne da giyar da ta ɗan fi ƙarfinsa: jan kaya zai ragu, za ka riƙa ƙona kuloci wajen fita daga rairayi, mai kuma zai ƙara tafiya. Sannan wurin da tayar ke juyawa ya ƙuntata. Babur na tsaye ba kaya, ka ga sarari. Ka ɗora buhu, shok ya nutse, sai taya ta fara gogar madigadi ko sarƙa. Da damina kuwa, laka irin ta karal, mai kama ƙafa kamar danƙo, za ta cushe wannan ɗan sararin har tayar ta ƙi juyawa, ka koma sassaƙarta da sanda a tsakiyar daji.

Gaskiya ce, a yashi mai zurfi ƙarin faɗi kaɗan yana taimako, musamman in tayar mai manyan ƙuraje ce. Ba mu ce kar a ƙara ba. Mataki ɗaya ya isa.

Amma in kaya ne damuwarka, abin da za ka nema yana nan a rubuce kusa da lambar girma. Za ka ga 4PR, 6PR ko 8PR: yadda lambar ta hau, haka jikin tayar ya fi ƙarfi, ya fi jure nauyi. Sai wata lamba haɗe da harafi, kamar 47P ko 52P. Lamba 47 na nufin kilo 175, 50 na nufin kilo 190, 52 kuma kilo 200, in an ba ta cikakkiyar iska. Kar ka manta, cikin wannan lissafi har da kai kanka da rabon nauyin babur da ke kan baya. Don haka 3.00 mai 6PR ta fi maka wata ƙatuwa mai laushin jiki. Kuma iskar ce ke ɗaukar kayan. Masu rage iska don ratsa mayo, su tuna su mayar da ita kafin su hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi, ta zame a rim ta tsinke bakin tiyub.

Tiyub ma a saya daidai da sabuwar tayar. Ƙarami in ya shiga babbar taya miƙewa yake yi ya yi siriri, ƙaya ɗaya ta aduwa ta gama da shi.

Masu sayen taya a kasuwannin iyaka, ko daga Mubi aka kawo ta ko daga ina, ku nemi lambobi huɗu da ke jere a gefenta. In ka ga 1523, an yi ta ne a mako na 15 na shekarar 2023. Wadda ta shekara biyar ko shida a ajiye cikin zafin nan namu, ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, robarta ta soma bushewa. Lanƙwasa gefenta ka duba ko akwai tsattsagewa.

In an gama ɗaurawa, kar ka biya ka tafi. Ka sa mutum biyu su hau, ko ka ɗora kayan da ka saba ɗauka, bakanike ya zura yatsa tsakanin taya da sarƙa, da madigadi, da ƙarafan da suka riƙe ta hagu da dama. Ya duba har ta gaba, domin ranar da ka sa sabuwar sarƙa tayar za ta matso gaba. Duk inda yatsa ya ƙi shiga, a cire ta a mayar da mai lambar asali tun kana wurin.