Yadda Ake Dafa Zoɓo da Sukari Don Ajiya

Jama'a, da kaka ta yi, zoɓo yakan yi yawa har a rasa inda za a kai shi. Ban da shanyawa, akwai wata dabara ta adana shi, watau a dafa ruwansa da sukari har ya daskare, ya fi maɗi kauri. Turawa suna kiran wannan abu jeli. A Ingila sukan yi irinsa da farin furen wani itace mai suna elda, amma tilas su matsa lemun tsami su zuba maganin kauri, don furen ba shi da tsami. Zoɓonmu kuwa Allah ya haɗa masa duka biyu.

A samo ɗanyen zoɓo ja, a ɓare, a ware ƙwallon da gurguzu ke ciki. A wanke duka da ruwa mai tsabta. A fara tafasa koren ƙwallon nan kamar minti 20, gama akwai yauƙin kauri a jikinsa, sa'an nan a tsame a yar. Cikin ruwan nan za a zuba zoɓon, ya dahu har ya yi laushi. A tace da farin ƙyalle wanda aka dafa. Kada a yi aikin nan cikin tukunya mai tsatsa ko ta tagulla, tsami yana cin su.

To, ga inda aka fi yin kuskure. Kowane gwangwani ɗaya na ruwan zoɓo, gwangwani ɗaya na sukari yake so. Na san sukari da tsada, uwargida za ta so ta rage. Kada ta rage. Wata kuma za ta jefa 'yar kanwa don ta kashe tsami, kamar yadda ta saba a miyar yakuwa. Wannan ya fi muni. Tsamin nan da sukarin nan su ne masu gadi, su ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. In an kashe tsami, abin ba zai daskare ba, kuma zai lalace cikin kwalba, yara su lasa, zawo ya kama su.

A mayar bisa wuta ana juyawa. In ana so a san ya yi, a ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, a jira, a tura da yatsa. In ya tattare, a sauke.

Kwalba mai faɗin baki ake so, mai murfi wanda ke kamawa sosai. Ɗauraya kaɗai ba ta isa ba. A dafa kwalba da murfinta minti 10, a cika ta tun da zafi, a rufe nan da nan, a ajiye a inuwa.

Ran da aka buɗe, a riƙa ɗiba da busasshen cokali, ban da yatsa, a kuma rufe saboda ƙuda. A ƙarar da shi cikin mako guda. In an ga hunhuna a sama, ko murfi ya kumbura, kada a kwashe saman a ci na ƙasa, a zubar duka.

Ana shafa shi a burodi ko waina, ko a dama cikin koko. Kada a ba jinjiri wanda bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi. Mai ciwon sukari kuma ya haƙura.