Masu Lissafa Gumin Manomi

Idan aka ce binciken noma, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne sabon iri ko takin zamani. Amma akwai masana a jami'o'i waɗanda aikinsu shi ne nazarin tattalin arzikin noma, muhalli da albarkatun ƙasa. Su ne ke auna abin da manomi ya kashe na kuɗi da ƙwadago, da abin da ya kwasa, da dalilin da ya sa ya zaɓi wata hanya ya bar wata.

Aikin David Norman a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya isa misali. Daga tsakiyar shekarun 1960, shi da abokan aikinsa sun bi manoman Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta aikin kowane gida da amfanin da ya samu. A lokacin, malaman gona na matsa wa manoma su riƙa shuka abu ɗaya a gona, ana ganin haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya duhun kai ne. Lissafi ya nuna akasin haka. Gonar da aka haɗa shuka ta fi kawo riba, musamman idan aka dubi ƙarancin hannu lokacin noman fari. Kuma idan ruwa ya yi gardama, gero ya lalace, dawa ko wake kan ceci gida. Ashe manomi ya san abin da yake yi.

Haka Elinor Ostrom ta Amurka, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa al'umma na iya tsara makiyaya, daji da ruwan da suke tarayya a kai ba tare da sun lalata su ba, muddin su suka kafa dokokin kuma suke hukunta mai karya su. Wannan darasi ne ga masu neman maganin rikicin burtali da fadama.

Matashin da ke sha'awar fannin yana buƙatar lissafi da ƙididdiga, da haƙurin zama da manoma damina bayan damina. Duk gwamnatin da ta tsara tallafin taki ko rancen noma ba tare da irin wannan bincike ba, kuɗin talakawa take zubarwa bisa zato.