Tanadin Wasiƙun Imel: Darasi Daga Rumbun Manomi

Manomi a ƙasar Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, ba ya cinye amfanin gonarsa baki ɗaya. Tun daga kaka yakan zaɓi zangarniyar da ta fi ƙosawa ya keɓe ta saboda shukar baɗi, domin ya san gobara ko gara na iya faɗa wa rumbu. Wannan dabara ita ce masana kwamfuta suke bi wajen kare bayanai, wato yin kwafin ajiya.

A yau cinikin raken Makarfi da tumatirin Ikara da inabin Kudan yakan haɗa da wasiƙun imel. A cikinsu ake samun yarjejeniya da shaidar biya da lissafin bashi. Ƙaramin kamfanin da ke riƙe wasiƙunsa da kansa yana tara su ne a kwamfuta guda da ake kira saba, ko uwar garke. Ranar da faifan ajiyarta ya mutu, hujjar kamfanin ta tafi ke nan.

Abokan gaban saba

Na farko shi ne tsufa, domin kowane faifai yana da ƙarshe. Na biyu yanayin ƙasarmu: ƙurar hunturu, zafin bazara, tsawar damina, da wutar lantarki mai ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Na uku ɓarawo, ko na fili ko na intanet, irin masu manhajar WannaCry wadda ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017, aka nemi kuɗin fansa. Na huɗu kuwa kuskuren ma'aikaci, wanda zai goge abin da bai yi niyya ba.

Ƙa'idar 3-2-1

Ƙa'idar ta ce a mallaki kwafi 3 na bayanai, a kan ma'aji iri 2, a kuma ajiye kwafi 1 a wani wuri mai nisa. Masana tsirrai sun san amfanin nisan nan. A 2008 aka buɗe rumbun iri na Svalbard a ƙasar Norway, inda cibiyoyin bincike ke kai kwafin irinsu. Da yaƙin Siriya ya raba cibiyar ICARDA da rumbunta na Halab, sai ta karɓo ajiyarta a 2015, ta sake shuka ta a Labanon da Maroko. Akasin haka ya faru a watan Maris na 2021, lokacin da gobara ta cinye wani ginin kwamfutoci na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu da kwafinsu ke wuri guda da asalin bayanan sun rasa duka biyun. Saboda haka idan saba tana Makarfi, ya kamata kwafi guda ya kwana a Hunƙuyi ko Zariya, ko a wani ma'aji ta intanet.

Yadda ake tsara aikin kullum

Ɗan Adam ajizi ne, yakan manta, don haka na'ura ake ɗora wa aikin. A kwamfutoci masu tsarin Linux akwai manhaja mai suna cron, wadda ke gudanar da umarni a lokacin da aka ƙayyade mata. Ana rubuta lokacin a gurabe biyar: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Idan aka rubuta 0 2 * * * to ana nufin ƙarfe 2 na dare, kowace rana. Akan zaɓi dare ne saboda wasiƙu sun lafa. Inda wuta ba ta da tabbas, sai a haɗa da anacron, wadda ke rama aikin da ya kuɓuce da zarar an kunna na'ura.

Mai ɗaukar kwafin kuwa ita ce manhajar rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Takan kwatanta asali da kwafi, sannan ta ɗauki abin da ya sauya kawai. Idan kamfani yana da ma'aikata 10, kowanne da gigabait 2, kwafin farko zai ci gigabait 20, amma na sauran darare sabbin wasiƙu ne kaɗai. Tsarin Maildir, wanda ke ajiye kowace wasiƙa a fayil nata, ya fi dacewa da wannan aiki. Kada kuma a manta da fayilolin saitin saba da jerin sunayen masu akwati.

Sai dai kwafi guda da ake sabuntawa kullum bai wadatar ba. In an goge wasiƙa ranar Litinin, ba a lura ba sai Alhamis, tana iya ɓacewa daga kwafin shi ma. Maganin wannan shi ne a riƙe kwafin kwanaki 7, da na makonni 4, da na watanni 12. Haka kuma a kulle kwafin da kalmar sirri, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su.

Gwajin tsiro

Mai binciken iri yakan ɗibi ƙwaya 100 ya jiƙa, ya ƙirga waɗanda suka tsiro, kafin ya amince da buhu. Kwafin ajiya ma haka yake. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai kimanin gigabait 300 bisa kuskure. Da aka duba, sai aka tarar hanyoyin ajiyarsu ba sa aiki yadda ake zato, saƙonnin gargaɗin ma ba sa isa ga kowa. Wani kwafi mai awa 6 da ɗauka ne ya cece su.

Don haka a sa wa mutum guda alhakin duba rahoton aikin kowace safiya. Sau ɗaya a wata kuma a maido da akwatin ma'aikaci ɗaya a wata kwamfuta dabam, a buɗe wasiƙun a karanta. Tun ran gini, tun ran zane: ranar da aka kafa saba, ranar ya kamata a kafa mata tanadi.