Wa ke renon yaro, kuma da wane suna? Aikin kula da ƙananan yara a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela

1. Gabatarwa

Wannan maƙala ta shafi wani aiki da ya bayyana a karkarar Nijar cikin shekaru kamar ashirin da suka wuce, watau aikin kula da ci gaban ƙananan yara da tallafa wa iyalansu, abin da takardun gwamnati ke kira « développement de la petite enfance ». Ba mu da niyyar auna amfaninsa ta fuskar likitanci. Abin da ya dame mu, a matsayinmu na masu nazarin harshe, shi ne sunan aikin, da sunan mai yin sa, da kuma harshen da ake hawa matakansa da shi. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa waɗannan tambayoyi ba na ƙamus kaɗai ba ne, domin su ne ke yanke wanda zai shiga aikin, da wanda za a saurara idan ya shiga gida.

Mun zaɓi gundumomi uku na kudancin jahar Tawa. A ƙidayar jama'a ta 2012, Ƙonni da Illela kowace ta haura mutum dubu 300, Malbaza kuwa, wadda aka cire daga Ƙonni a 2011, ta haura dubu 230. (Kada mai karatu ya haɗa Illela ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, da Illela ta jihar Sakkwato wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni a bakin iyaka.) Ƙasa ce ta albasar Galmi da noman rani a kwarin Maggiya, da sumuntin Malbaza, amma kuma ƙasa ce ta tafiya biɗa: da an gama girbi, magidanta da yawa sai su nufi Nijeriya, ko bakin teku, ko Libiya. A irin waɗannan watanni, gida yana hannun mata da tsofaffi. Binciken ƙasa na 2012 ya ba da matsakaicin haihuwa 7,6 ga kowace mace a Nijar, na 2021 ya ba da 6,2. Yaran da suka taɓa shiga jardan kuwa, a alƙaluman shekarun 2010, ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

2. Matakan aikin kamar yadda suke

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda aka sani da LOSEN, ta sanya karatun share fage cikin tsarin ƙasa, ta kuma amince da Faransanci da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Amma jardan ya daɗe yana abin birni. Canjin da ya shafi yankinmu ya zo ne ta wata hanya. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan da ma'aikatar ilimi suka fara shirin « École pour tous » a jahar Tawa, inda aka riƙa zaɓen shugabannin kwamitin makaranta, watau COGES, ta hanyar ƙuri'ar asiri maimakon naɗi. A kan waɗannan kwamitoci ne aka ɗora jardan na al'umma, tare da UNICEF: gari ne ke kafa rumfa, gari ne ke zaɓen mai kula da yaran, gari ne kuma ke tara ɗan abin da za a ba ta. A 2012 aka sake wa kwamitin suna CGDES.

Ta ɓangaren iyali, shirin « Filets sociaux » da aka fara a 2011 da kuɗin Bankin Duniya ya riƙa ba wa matan gidaje marasa ƙarfi jika 10 kowane wata har wata 24, a jahohi biyar ciki har da Tawa. An haɗa kuɗin da faɗakarwa kan renon yara: taron gari, da taron ƙananan rukunoni, da ziyarar gida-gida wadda wasu mutanen garin da aka horar ke yi. Ga kuma ƴan sa kai na kiwon lafiya, « relais communautaires », waɗanda ke tsakanin gida da likita, musamman tun 2006 da aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani.

Idan muka jera waɗannan mutane daga ƙasa zuwa sama, sai mu ga wani abu a fili. A ƙasa akwai ƴar sa kai, wadda ke magana da uwa da Hausa, ba ta da albashi sai ɗan ihsani. A tsakiya akwai ma'aikacin ƙungiya mai babur, wanda ke karanta littafin horo da Faransanci yana juya shi da baki. A sama akwai mai dubawa da mai tsara shirin, waɗanda suka fito daga makarantar horon malamai, irin Kaocen ta Tawa, ko daga jami'a, aikinsu kuwa rahoto ne da Faransanci. Gwargwadon hawan mutum, gwargwadon nisansa da yaro da kuma harshen yaro. Babu wata jarrabawa da muka ga an tanada wadda za ta ɗauki mace mai shekara goma tana ziyarar gidaje a Tsarnawa ko Badagishiri ta kai ta mataki na biyu, in dai ba ta da takardar boko. Ƙwarewarta ta Hausa ce, tsanin kuwa na Faransanci ne. Bugu da ƙari, mataki na biyu kansa yana rataye da wa'adin shiri. Ranar da kuɗin waje ya tsaya, kamar yadda wasu suka tsaya bayan 26 ga Yuli 2023, aikin ya tsaya.

3. Kalmomin

A nan ne za mu daɗe. Hausa ba ta da kalma guda mai daidai da « petite enfance ». Ƙuruciya ta yi faɗi, domin takan kai har samartaka. Abin da Hausa ta yi shi ne ta yanka shekarun farko gwargwadon alaƙar yaro da jikin uwarsa: jinjiri ko jariri, sannan ɗan goye, sannan yayayye, sannan yaro wanda ya isa aike. Kowane yanki kuma yana da mai iko da shi. Kwanakin jego na ungozoma ne da tsofaffin gida. Wanzami yana da ranarsa. Yaye, wanda kan zo wajen shekara biyu, sau da yawa a ɗakin kaka ake yin sa. Riƙo yana iya ɗauke yaro zuwa gidan gwaggo ko inna. Daga nan sai malamin allo. Watau kafin wani shiri ya iso, an riga an raba shugabancin yaro, kuma ba a hannun uwa kaɗai yake ba. Mary Smith ta nuna irin wannan tsari a littafinta kan Baba ta Karo tun 1954, duk da cewa ƙasar Zazzau ta yi magana a kai.

To wane suna za a ba wa sabuwar ma'aikaciya? Idan aka ce mai reno, an sauko da ita, domin ƴar reno a gidan Bahaushe yarinya ce da ake ɗora wa ƙanenta a baya, ba a neman shawararta. (Abin lura ne cewa aikatau na raino da na raini a rubuce sukan zo iri ɗaya, karin sauti ne ke raba su. Ba mu ɗauki wannan a matsayin hujja ba, amma masu barkwanci sun san shi.) Idan aka ce malama ko madan, an ɗaga ta, sai dai an yi wa iyaye alkawarin karatu, uban da ya ba da kuɗinsa ya tarar ana waƙa da wasan ƙasa a rumfa zai ce an cuce shi. Tarbiyya kalma ce mai daraja, amma ta karkata ga ladabi da addini, kuma haƙƙin iyaye ce. Baƙuwar da ta ce ta zo koya wa gida tarbiyya ta yi zagi ba ta sani ba. Wasu shirye-shiryen abinci mai gina jiki suna kiran matan da suka zama abin koyi « mamans lumière ». In aka juya wannan kalma da kalma, Bahaushiya ba za ta ji komai a ciki ba.

Haka matsalar take ga maza. A 2008 asusun UNFPA ya fara « École des maris » a jahar Damagaram da makarantu 11, daga baya abin ya bazu zuwa sauran jahohi. Makarantar maza a Hausa makarantar yara maza ce. Makarantar mazaje ta fi kusa, amma tana kallon mutum ta wajen matarsa. Magidanta, a ganinmu, ita ce kalmar da ke ɗauke da nauyin da ake nema, domin tana kiran mutum da matsayinsa na mai riƙe da gida, ba ta mai da shi ɗalibi ba.

Akwai misali guda na shirin da ya dace da suna tun farko. Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, an gina shi ne a kan adashi da asusu, abubuwan da mata suka riga suka sani, aka kuma raɗa masa suna da Hausa. Tsarin ya bazu cikin Nijar, ya ƙetare zuwa ƙasashe da dama. Shugabar rukunin MMD ba ta jiran takarda daga Yamai kafin a saurare ta. Matan da suka zuba kuɗinsu ne suka zaɓe ta. Ba mu ce suna kaɗai ya kawo wannan ba. Amma a nan mai jagoranci da waɗanda take jagoranta harshensu ɗaya, har da na lissafi.

4. Kunya, da wanda ya kamata a yi wa magana

A 2018 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da wani tsari mai ginshiƙi biyar: lafiya, abinci, tsaro, damar koyo tun da wuri, da kulawa mai amsa buƙatar yaro. Na ƙarshen nan shi ne ke shiga littattafan horo da siffar umarni ga uwa: ki dubi idon jaririnki, ki kira sunansa, ki yi masa magana, ki yi wasa da shi. Umarnin yana da tushe a ilimin ci gaban ƙwaƙwalwa. Sai dai a gidan da ake kiyaye kunyar ɗan fari, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna masa so a gaban mutane, balle a gaban uwar miji. Wannan ba rashin ƙauna ba ne, alkunya ce, kuma tsarin ya tanadi masu cike gurbin: kaka, wadda ke kiran jikanta miji ko kishiya tana yi masa wasa, da gwaggo, da yayye. Maganar da ake so yaro ya ji yana jin ta, amma daga wani baki.

Saboda haka saƙon da aka rubuta da ki, ga mace ɗaya, ya kuskure adireshi. Da an rubuta shi da ku, ko da a, watau a riƙa yi wa yaro magana, da ya shiga gida ba tare da ya sa amarya cikin kunya ba. Haka zancen dakashi yake, nonon farko da wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar: ba mai jego ke yanke wannan ba, kwance take. Kuma idan mai kawo saƙon budurwa ce da aka zaɓa don ta iya cika takarda, tana gaban tsohuwar da ta yi jego goma, to tun daga gaisuwa an san wanda zai yi shiru. Dole ta ce inna ko iya, ta durƙusa, ta kawo maganarta da siffar tambaya. Ba mu ga wannan a matsayin cikas da za a kawar ba. Ƙwarewa ce ta harshe da ya kamata a koyar, a kuma saka wa mai ita.

Binciken da Premand da Barry suka buga a 2022 kan faɗakarwar « Filets sociaux » a jahohin Doso da Maraɗi ya dace a ambata a nan. Sun tarar cewa iyaye sun sauya halaye da dama na ciyarwa da kiwon lafiya da wasa da yara, an kuma sami ɗan ci gaba a zamantakewar yaran da natsuwarsu, amma ba a ga ƙari a tsawo da nauyi ko a gwajin fahimta ba. Magana tana aiki ke nan, iyakar inda magana ke iya kaiwa.

5. Wace Hausa?

Kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya buɗe ƙofar a nemi a rubuta littattafan horo da jarrabawar ma'aikatan yara da Hausa kai tsaye. Ƙasar tana da gogewa a nan tun makarantun gwaji da aka fara a 1973, tana kuma da ƙa'idojin rubutu na 1999. Amma Hausar Ƙonni da Adar ba ita ce ta Kano ba, kamar yadda Bernard Caron ya bayyana a nazarinsa na Adaranci a 1991. Misali guda ya isa. Inda daidaitacciyar Hausa ke cewa ƴa da ƴaƴa, mutumin Illela zai ce ɗiya a duka biyun, karin sauti ne kawai ke nuna ko mace ɗaya ake nufi ko yara duka. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti. Takardar da aka rubuta a sa ɗiya makaranta tana iya zama kira ga karatun mata, tana kuma iya zama kira ga kowa, kuma wadda za ta karanta ta da ƙarfi a gaban taron gari ita ce za ta zaɓa. In an rubuta da ƴaƴa, shubuhar ta kau, amma an ji muryar rediyon waje. Ɗaliban da ke neman batun digiri na biyu suna iya farawa daga nan: a naɗi muryar ƴan sa kai a Dogarawa da Tajaye da Bazaga yayin ziyarar gida, da izinin masu gidan, a kwatanta abin da littafin horo ya ce da abin da ya fito daga bakinsu, musamman wakilin suna da suka zaɓa da kuma wanda suka fuskanta lokacin da suke magana.