Gudun Kilomita 21 Cikin Zafi: Gaskiya da Shaci-faɗi

Saura minti ɗaya sha biyun dare aka saki masu gudu a birnin Doha na ƙasar Katar, ranar 27 ga Satumba, 2019. Mata 68 ne suka shiga gudun famfalaki na gasar duniya, kowacce zakara a ƙasarta. Rana ta daɗe da faɗuwa, amma zafi na nan wajen digiri 32, danshin teku kuma ya cika iska fiye da kashi 70 cikin ɗari. Kafin a kammala, 28 daga cikinsu sun janye, wasu ma a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da su. Ruth Chepngetich 'yar Kenya, wadda ta zo ta ɗaya, sai da ta ci awa 2 da minti 32, alhali a farkon shekarar ta yi wannan nisa a Dubai cikin awa 2 da minti 17.

Abin ya shafe mu, don gudun titi ya fara karɓuwa a nan gida. Tun 2016 ake gudun famfalaki na Legas, Kaduna ma ta shirya na kilomita 21 a watan Nuwamban 2020, kuma yawancin masu sha'awa da wannan rabin zangon suke gwada ƙwanjinsu. Shawarwari kuwa sai dai kunne ya gaji, daga filin motsa jiki har zaurukan WhatsApp. Wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma za su iya halaka mutum.

Wadda ta fi yawo ita ce rana ke kayar da mai gudu, saboda haka in an kauce mata shi ke nan. Doha ta ƙaryata wannan. Mafi yawan zafin da ke dafa mai gudu daga jikinsa yake tasowa. Cikin ƙarfin da tsoka ke ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kaɗai ke zama motsi, saura duk zafi ne, kuma da ƙaruwar sauri yake ƙaruwa. Babbar hanyar fitar da shi ita ce zufa, amma ba tsiyayarta ke sanyaya jiki ba, bushewarta a kan fata. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan: ruwan da ke tsattsafowa ta bayan randa yana bin iska, shi ya sa na ciki ke sanyi, kuma ruwan randar bazara ya fi na damina sanyi saboda iskar damina ta riga ta ƙoshi da danshi. To haka fata take. A iska mai danshi zufa sai ta yi ta ɗiga ƙasa, mutum ya yi asarar ruwa bai samu sanyi ba. Shi ya sa digiri 30 a Legas ko Fatakwal kan fi wahalar da mai gudu fiye da digiri 33 a Katsina. Kada dai ɗan Arewa ya saki jiki. Idan zafin iska ya haura na fata, wato wajen digiri 35, iskar da kanta ke ƙara wa jiki zafi, kuma a Afrilu Kano da Sakkwato da Yamai kan zarce 40 da rana tsaka. Hasken rana ma kaya ne a kan kaya. Kauce masa dabara ce mai kyau, amma ba ta isa ba.

Sai masu cewa ai rabin famfalaki ne, haɗarinsa ma rabi ne. Lissafin ba haka yake ba. Mai gudun kilomita 42 dole ya yi tattalin ƙarfinsa, mai kilomita 21 ko 10 kuwa yana iya sakin ƙafa tun daga farko har ƙarshe, kuma sauri shi ne makamashin wutar. A garin Falmouth na jihar Massachusetts a Amurka akwai gudun da ake yi duk watan Agusta, kilomita 11 kacal, amma ya yi suna wajen bugun zafi: kimanin mutum biyu cikin kowane dubu da suka kammala. Da yawa a kusa da ƙarshe suke zubewa, lokacin da 'yan kallo ke ihu, mutum ya hango layi ya ce bari ya ƙarasa da ƙarfi.

Batun ruwa shi ya fi rikitarwa, domin jita-jita biyu ne masu karo da juna. Ta farko tsohuwa ce, wai shan ruwa a tsakiyar gudu ragwanci ne, yana kuma kawo ciwon ciki. An gwada ta a gasar Olamfik ta 1904 a St. Louis, inda masu shiri suka taƙaita ruwa da gangan a rana mai zafin digiri 32 da ƙura. Mutum 32 suka tashi, 14 suka isa. Ta biyu ita ce ta zamani: sha, ka ƙara sha, tun kafin ƙishi ya zo. Wannan ma ta ci rayuka. Idan mutum ya ɗura ruwa fiye da zufar da yake fitarwa, gishirin jininsa sai ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Likitoci sun auna jinin mutum 488 da suka kammala gudun famfalakin Boston na 2002, suka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma wata matashiya ta rasu a gudun na wannan shekara ta dalilin haka. Abin ya fi kama masu tafiya a hankali, waɗanda ke daɗewa a hanya suna tsayawa a kowane teburin ruwa. Alamunsa kuma, ciwon kai da amai da ruɗewa, sun yi kama da na ƙarancin ruwa, sai masu taimako su ƙara ɗura masa abin da ke cutar da shi.

Gaskiyar tana tsakani, kuma ba kowa da kowa ke da ma'auni ɗaya ba. An auna zufar Alberto Salazar ɗan Amurka a lokacin gasar Olamfik ta 1984, lita 3.7 a awa guda, abin da ba cikin da zai iya mayarwa yana gudu. Wani kuwa lita ɗaya ma ba ya kaiwa. Ga mai gudun awa biyu, shan ruwa daidai ƙishi ya wadatar. Wanda ke son sanin nasa, ya hau sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce, in kuwa nauyi ya ƙaru, ya sha fiye da kima. Abin da ya kamata a riƙe shi ne ruwa ba laya ba ne. Ƙarancinsa yana ƙara haɗari, amma mutum na iya shan isasshe, bugun zafi ya kama shi saboda ya matsa wa kansa. Maganar cewa ruwan sanyi a cikin jiki mai zafi yana jawo ciwon haƙarƙari kuwa ba ta da tushe. Manyan 'yan wasa markaɗaɗɗiyar ƙanƙara suke sha da gangan kafin su fita.

Akwai wadda ke da daɗin faɗi: mu cikin zafi aka haife mu, wannan matsalar Turawa ce, dubi 'yan Kenya. To 'yan Kenyan ba a zafi suke atisaye ba. Garin Iten, matattararsu, yana kan tudu mai tsayin mita 2,400, da asuba sai da rigar sanyi. Bekoji ta Habasha, mahaifar Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, ta ma fi shi tsayi. Ko a nan Najeriya, fitattun masu dogon gudu daga tsaunukan Filato suke fitowa. Sabo dai gaskiya ne, amma da aiki ake samunsa. Kwana 10 zuwa 14 na gudu cikin zafi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kan sa ruwan jini ya ƙaru, zufa ta riƙa zuwa da wuri, gishirin cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sassauta. Zama a shago ƙarƙashin fanka ba ya ba da wannan cikakke, kuma sabon kan zube cikin 'yan makonni in an daina. Wanda ya yi duk atisayensa da sanyin hunturu, ya shiga gasa a ƙarshen Maris, baƙo ne a wurin zafi ko da a Maiduguri aka yanke masa cibi. Haka wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ba, da wanda ya kwana bai runtsa ba. Masu jinin AS, waɗanda sun kai kusan ɗaya cikin huɗu a Najeriya, ba a hana su gudu ba, amma sun fi saura haɗarin narkewar tsoka idan wahala ta yi yawa, don haka su ne ya fi kamata su tsaya da jin alamar farko. Masu afa tiramol don kada su ji gajiya kuwa, ƙararrawar gargaɗi suke kashewa. Hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Ɗaura leda a ciki ko zumbula rigar sanyi don a narkar da teɓa ba ya buƙatar dogon bayani. Ruwa ne ke fita ba kitse ba, da an sha ya dawo, sai dai a toshe wa jiki hanyar huce zafi.

Inda shaci-faɗi ya fi kisa shi ne bayan mutum ya faɗi. Ana cewa muddin yana zufa ba bugun zafi ba ne, sai fata ta bushe. Wannan siffar tsoho ce da zafin gari ya kama a ɗaki. Mai gudu yawanci jiƙe sharkaf yake faɗuwa. Abin dubawa shi ne hankalinsa. Duniya ta ga yadda farkon abin ke kasancewa a gudun famfalakin Olamfik na 1984 a Los Angeles, lokacin da Gabriela Andersen-Schiess 'yar Suwizalan ta shigo filin wasa: jiki a karkace, hannu ɗaya a sake, ƙafa na harɗewa, tana tangaɗi daga wannan layi zuwa wancan, tana korar masu agaji da hannu. Zagaye ɗaya ya ci mata fiye da minti biyar. Ta tsira, an kuma yi mata tafi, amma ba abin koyi ba ne. Duk wanda ya fara tangaɗi, ko surutai, ko faɗa babu dalili, ko ya kasa faɗin inda yake, a ɗauka zafin cikinsa ya haura digiri 40, kuma a tsayar da shi ko da ya ƙi. Wannan dabam ne da wanda jiri ya ɗeba bayan ya tsallake layi amma yana cikin hayyacinsa, shi kwantarwa ake yi a ɗaga ƙafafunsa, ba da jimawa ba ya dawo.

Ana kuma cewa kada a zuba masa ruwan sanyi, wai jini zai daskare ko zuciya ta buga. A Falmouth akasin haka ake yi. Tantin likitoci cike yake da manyan bahunan ruwa da ƙanƙara. Da an kawo mutum sai a tsoma shi har wuya, wani ya riƙe shi da tawul ta ƙarƙashin hamata don kada ya nutse, wasu na motsa ruwan, ana auna zafinsa ta dubura, domin na hamata da goshi yaudara suke yi a irin wannan hali. Sai ya sauko wajen digiri 39 ake fitar da shi. An bi bayanan mutum 274 da aka yi wa haka cikin shekara 18, ba a rasa ko ɗaya ba. Ƙa'idar ita ce a sanyaya tukuna, sannan a kai asibiti, kuma a sauke zafin cikin minti 30, domin daɗewarsa ce ke lalata ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Inda babu baho, a ja shi inuwa, a cire masa kaya, a kwantar da shi kan tamfol a ɗage gefunan, a yi ta kwara ruwa mafi sanyi da aka samu, a aika wajen masu ƙanƙara, a yi ta fifita, yayin da wani ke neman mota da likita. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Farasitamol ba ya aiki a nan, don ba zazzaɓin cuta ba ne, kuma nauyi zai ƙara wa hanta.

Wani kaso na alhakin yana wuyan masu shirya gasa. Saboda zafi aka ɗauke gudun famfalakin Olamfik daga Tokiyo zuwa Sapporo, kilomita 800 arewa, a 2021, kuma ana gobe gasar mata aka matso da lokacin tashi daga bakwai zuwa shida na safe. Duk da haka maza 30 cikin 106 ba su kai ƙarshe ba. Kafin mutum ya biya kuɗin rajista, yana da haƙƙin ya tambayi ƙarfe nawa za a tashi, tsakanin teburan ruwa kilomita nawa ne, kuma ko an tanadi baho da ƙanƙara a wurin ƙarewa.