SARKIN DA YA ZO A KAN JAKIN ARO: MA'ANAR LAHADIN DABINO



Mako guda kafin Ista, ikilisiyoyi da yawa sukan fito da ganyen dabino ko kaba a hannu, ana waƙa ana zagaya majami'a. Wannan rana ita ce Lahadin Dabino. Kowace shekara tana faɗuwa tsakanin 15 ga Maris da 18 ga Afrilu, wato a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, hatsi kuma ya fara yin ƙasa a rumbu. Yana da kyau mu san abin da muke tunawa, domin kada abin ya zama al'ada kawai.

ABIN DA YA FARU

Dukan marubutan Bishara huɗu sun ba da labarin: Matiyu 21, Markus 11, Luka 19 da Yohanna 12. Ana gab da Idin Ƙetarewa, Urushalima ta cika maƙil da baƙi. Yesu ya taso daga wajen Betanya, ƙauyen da ke kimanin kilomita 3 daga birnin, inda ya ta da Li'azaru daga matattu. Ya aiki almajirai biyu su kwanto masa aholakin da ba a taɓa hawa ba. Da yake babu akumari, sai suka shimfiɗa tufafinsu a bayansa. Ya gangaro daga Dutsen Zaitun, jama'a suna shimfiɗa riguna da rassan itatuwa a hanya, suna kiransa Ɗan Dawuda. Yohanna ne kaɗai ya faɗi cewa rassan na dabino ne.

Mutanen sun san abin da suke yi. Tun zamanin Yehu ake shimfiɗa riguna a ƙarƙashin ƙafar sabon sarki, kamar yadda muke gani a 2 Sarakuna 9. Dabino kuma alamar nasara ce: wajen shekara ta 141 kafin haihuwar Almasihu, da rassan dabino Yahudawa suka shiga kagarar Urushalima tare da shugabansu Saminu, bayan sun kori sojojin baƙi daga cikinta. Kalmar Hosanna daga Zabura 118 ta fito, asalinta roƙo ne na neman ceto. A lokacin ƙasar tana hannun Romawa. Gwamna Bilatus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 26 zuwa ta 36, yana zaune ne a Kaisariya, amma yakan zo Urushalima da sojoji a lokacin idi don gudun tarzoma. Saboda haka da yawa cikin taron suna sa rai ga sarkin da zai kori Romawa, ya sauke musu nauyin haraji.

DON ME JAKI?

Mu mutanen wannan ƙasa mun san fitowar sarki. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Birnin Kebbi ya ga dawakai da ado, dogarai a gaba, kakaki da tambura suna tashi. Wannan martaba ce ta sarauta, muna kuma girmama ta. Mun kuma san jaki. Shi ke kai taki gona da mangala, shi ke ɗauko ruwa, shi ke kai albasa da dawa kasuwa. Ba a yi masa kirari, amma gidan da babu shi ya san wahala.

Yesu bai rasa dabara ba ne ya hau jaki. Ya zaɓe shi ne da gangan, domin ya cika annabcin Zakariya 9:9, inda aka faɗa wa Sihiyona cewa Sarkinta zai zo da adalci da ceto, cikin tawali'u, a kan aholaki. Aya ta 10 ta ƙara da cewa wannan Sarki zai kawar da karusai da dawakan yaƙi da baka, ya yi wa al'ummai shelar salama. A zamanin, doki dabbar yaƙi ce. Ashe Yesu ya karɓi sarautar, bai musa ba. Har da Farisiyawa suka ce ya tsawata wa almajiransa, ya ƙi. Amma ya nuna irin sarautar da ya kawo: ta hidima da salama, wadda za ta kai shi ga gicciye.

Dubi abin da ya yi bayan tarbar. Luka ya ce da ya hango birnin sai ya yi kuka, domin ba su gane abin da zai kawo musu salama ba. A shekara ta 70 kuwa sojojin Roma suka rushe Urushalima da Haikalinta. Da ya shiga, bai nufi fadar gwamna ba. Haikali ya je, ya kori masu cin riba da masu sujada, makafi da guragu suka zo wurinsa ya warkar da su. Kafin mako ya ƙare ya wanke ƙafafun almajiransa. Ranar Juma'a, a birnin da aka tarbe shi, aka sa masa rawanin ƙaya.

ABIN DA WANNAN KE NUFI GARE MU

Na farko, mu binciki dalilin da ya sa muke binsa. Abu ne mai sauƙi a ɗaga dabino ranar da motar agaji ta iso da hatsi ko taki. Ranar da ba ta zo ba fa? Yesu Sarki ne a shekarar albarka, Sarki ne kuma a shekara irin ta 2020, da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar Kebbi.

Na biyu, shugabanci a cikin ikilisiya hidima ne. Dattijo, ko shugabar zumuntar mata, ko ɗan kwamitin rumbun tsimi ko na rijiya, duk wanda aka danƙa wa amana ya tuna da Sarkin da ya zaɓi jaki. Idan an zo rabo, a fara da gwauraye, marayu, tsofaffi da naƙasassu. A rubuta kowane mudu a littafi, a karanta a gaban jama'a. Wanda ya fara cika buhun gidansa ya hau doki ke nan, alhali Ubangijinsa yana kan jaki.

Na uku, Sarkinmu na salama ne. Muna zaune da maƙwabta Musulmi, manoma da makiyaya, kasuwarmu ɗaya, mashayarmu ɗaya. Idan dabba ta shiga gona, a kai magana wurin mai gari da dattawa, kada a ɗauki sanda. Ruwan rijiyar ikilisiya kuma na duk mai ƙishirwa ne.

Na huɗu, jakin aro ne. Ba a faɗi sunan mai shi ba, amma da aka ce masa Ubangiji yana bukatarsa, ya saki. Kada wani ya ce ba shi da abin bayarwa. Akwai gwauruwar da ba ta da mai kai mata taki kafin ruwa ya sauka. Akwai gidan da ya cinye irin shukarsa. Aron jaki na yini ɗaya, ko mudu biyu na irin gero, hidima ce ga Sarki.

Wannan biki ya daɗe. Wata mata mai suna Egeriya, wadda ta ziyarci Urushalima wajen shekara ta 381 zuwa 384, ta rubuta yadda masu bi, har da yara, suke gangarowa daga Dutsen Zaitun da rassan dabino da na zaitun. A ɗariƙar Katolika da ta Angilika akan adana ganyen, a ƙone shi, a yi amfani da tokar ranar Larabar Toka ta shekara mai zuwa, domin tuba. Wasu ikilisiyoyinmu ba sa zagaye da ganye, sai karatu da wa'azi. Wannan ba abin gardama ba ne, muddin zuciya ta karɓi Sarkin.

DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYOYI

1. Me mutanen Urushalima suke so Yesu ya yi musu, me kuma ya zo yi?
2. Wane gida ne a ƙauyenmu yake bukatar taimako kafin damina?
3. Mene ne namu da Ubangiji yake bukata a wannan mako?

Allah ya ba mu zuciyar tawali'u, ya kai mu Ista lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.