Yadda motsin kyamara ke bayyana siffar sinadarin da ke haddasa cutar sikila

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin jarirai 150,000 ake haifa da cutar sikila, wato amosanin jini, kowace shekara a Najeriya. Sai dai tushen ciwon ƙanƙane ne ƙwarai, ko madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya nuna shi. Don haka duk masanin da ya tsaya gaban taro a Abuja, ko daga Jami'ar Abuja ya fito ko daga Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu, wadda ta haɗa maganin sikila na Niprisan daga tsirrai, yana da jan aiki: ya nuna wa ɗalibai da likitoci da masu ware kuɗin bincike abin da ba su taɓa gani ba.

Abin nunawar shi ne himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Sarƙoƙi huɗu ne gare shi, alfa biyu da beta biyu, waɗanda aka gina da tubalan amino asid 574. A 1959 Max Perutz ya gano siffarsa a Kambirij ta Ingila, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1962. Yau wannan siffa tana ajiye kyauta a rumbun intanet na Protein Data Bank, wanda aka buɗe a 1971 da siffofi bakwai kacal, yanzu kuma sun haura 200,000. Manhajoji irin su PyMOL da ChimeraX kan ɗauko ta su zana ta a allon kwamfuta.

Matsalar ita ce allo a shimfiɗe yake, sinadarin kuwa yana da gaba da baya da zurfi. A hoto mara motsi, sarƙoƙin kan hau kan juna kamar zaren da ya harɗe. Da zarar an fara juya shi a hankali, abin da ke kusa zai riƙa wucewa da sauri fiye da na nesa, daga nan ƙwaƙwalwa ke gane zurfin da kanta. Tun tsakiyar shekarun 1960 Cyrus Levinthal na jami'ar MIT a Amurka ya yi amfani da wannan dabara wajen juya siffofin furotin a allo.

Kyamarar da ake magana a kanta ba ta hannu ba ce, mahangar da manhaja ke kallon siffar daga gare ta ce. Mai shiri kan zaɓi wurare kaɗan da yake so ta tsaya, manhajar ta cike hotunan da ke tsakani. Idan bidiyon na nuna hotuna 30 a daƙiƙa guda, cikakken zagaye na daƙiƙa 12 zai ci hotuna 360, kowanne da juyin digiri ɗaya.

A batun sikila, tubali ɗaya tak ya canja: a matsayi na shida na sarƙar beta, balin ya maye gurbin gulutamik asid, kamar yadda Vernon Ingram ya tabbatar a shekarun 1950. Shirin da aka tsara da kyau zai fara daga nesa domin a ga sarƙoƙin huɗu, ya juya har wannan matsayi ya fuskanci masu kallo, sannan ya matsa kusa ya tsaya cik, mai jawabi ya yi bayani. Bayan haka kyamarar ta ja da baya, a ga yadda balin ɗin ke shiga wani ɗan gurbi a jikin himogulobin na kusa da shi idan oksijin ya yi ƙaranci. Haka suke mannewa da juna har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Siffar da aka bari tana ta juyawa babu tsayawa, abin da ake yawan gani a taruka, ba ta ƙara wa kowa sani, sai jiri.

Akwai kuma wurin da ake iya ruɗar da mai kallo. Motsin kyamara daban, motsin sinadari daban. Lokacin da himogulobin ya saki oksijin, rabinsa kan juya da kimanin digiri 15 a kan ɗaya rabin. Idan kyamara na tafiya a daidai wannan lokaci, babu mai iya bambance wane ne ya motsa, shi ya sa ya kamata a tsayar da ita har canjin ya kammala. Shi kansa canjin ba ɗaukarsa aka yi ba: siffar farko da ta ƙarshe aka samu daga gwaji, kwamfuta ce ta ƙiyasta abin da ke tsakaninsu. Launukan ma mai shirin ne ya zaɓe su domin a rarrabe sarƙoƙin, kuma haƙƙin masu sauraro ne a faɗa musu haka tun kafin a kunna bidiyon.